Ƙofar But ɗin Hajiya Kubura

Duk macen da ta taɓa zama a taron ƙungiyar matan unguwa ta san Hajiya Kubura, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, ta kuma haddace wa'azinta guda ɗaya da ba ta gajiya da shi: mace mai daraja ba ta fita daga gidan biki da abinci a leda. Ta ci iya cikinta, ta sa albarka, ta tafi da mutuncinta.

Ranar yinin bikin 'yar aminiyarta Hajiya Tasalla, ta iso a sabuwar motar da ɗanta ya saya mata, irin wadda ƙofar but ɗinta ke ɗagawa ta kuma sauka da kanta in an danna maɓalli. A cikin gida ta ɗan taɓa waina, ta ture faranti, ta ce alhamdulillahi. Direbanta Malam Sidi kuwa yana ta zirga-zirga tsakanin madafa da bayan mota, bisa umarnin da ya karɓa tun a hanya. Hajiya tana da jikoki, kuma a fahimtarta abin da ya shiga but bai shiga leda ba.

Bayan la'asar ta miƙe, uwar amarya da manyan matan ƙungiya suka yi mata rakiya har bakin mota. Malam Sidi yana hango su ya yi wuf ya danna maɓalli. Ƙofar ta sauko a hankali cikin natsuwa, saura ƙiris ta rufe, sai ta yi ɗan kuka, ta koma sama. Ga kuloli jere, ga ƙwaryar alkaki, ga bokitin dubulan an ɗora a kan daron naman rago.

Hajiya Kubura ta gyara mayafi, ta matsa ta tsaya daidai inda take zaton faɗinta zai rufe abin da ƙofa ta ƙi rufewa.

"Malam Sidi, mene ne haka?"

"Hajiya, wataƙila batir ne ya yi sanyi."

Ya tada mota, ya sake dannawa. Ƙofar ta sauko, ta sunsuni murfin bokitin, ta koma. Ya duba fis, lafiya lau. Ya goge bakin ƙofar da hularsa. Ya kama ta da hannu biyu zai danne da ƙarfi, Hajiya ta tuna kuɗin motar ta hana shi. Duk saukowar da ƙofar za ta yi, idanun mata su bi ta ƙasa. Duk ɗagawar da za ta yi, su bi ta sama.

"Hajiya," in ji Malam Sidi da murya ƙasa-ƙasa, wadda kowa ya ji, "in ta ji abu ya tokare ta ba ta yarda. Sai dai a rage kaya."

"Waɗanne kaya?" in ji Hajiya Kubura, ba tare da ta waiwaya ba. Sannan ta dubi uwar amarya. "Kin ga kayan zamani, Hajiya Tasalla. Ko wata ba ta yi ba ta lalace. Gobe zan sa a mayar musu da abarsu."

Hajiya Tasalla ta leƙa ta gefen kafaɗarta, ta gane daronta, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"A'a, Hajiya, kada ki mayar da ita. Duk faɗin unguwar nan ita kaɗai ce ta ji wa'azinki."