Jan Biro a Takardar Ƙuri'a

Ko da zan manta da komai, ban da ranar zaɓen kansiloli da aminina Alhaji Sabo ya tsaya takara a mazaɓarmu ta Kwarbai. Tare muka taso da shi tun muna wasan ƙasa, kuma abu ɗaya ya roƙe mu: ko zai faɗi a ko'ina, kada a bari ya faɗi a akwatin ƙofar gidansa, don ɗan siyasa ba shi da abin kunya kamar wannan.

A makon ne 'yata Zainab, mai shekara goma sha bakwai, take shirin muhawara a makarantarsu kan ko ya kamata a rage shekarun jefa ƙuri'a. Ita tana ɓangaren a rage. Ni kuwa, mataimakin shugaban makarantar firamaren unguwar (kuma mai ganin ba a taɓa kayar da shi a gardama ba), na zaunar da ita na yi mata lacca.

"Ku da ko layin abinci ba ku iya bi ba? A ba ku ƙuri'a ku lalata wa mutane takardu?"

"Baba, an koya mana fa. Dangwale ɗaya ake yi, ba a ƙara komai a kai."

Na ce ta je ta ɗora mini ruwan shayi. Ban tsaya nan ba, sai da na maimaita laccar a majalisarmu bayan la'asar, har da nuna yatsa.

Ranar Asabar na sha farar shadda, na shiga layi da wuri. Da na dangwala wa jam'iyyar Sabo, sai na ga tawadar ta ɗan zarce layi kaɗan. Shekara ashirin da biyar ina aikin takarda, kuma ƙa'idarmu ita ce duk inda aka yi gyara sai a sa hannu a gefe. Wallahi ban yi wani tunani ba. Na zaro jan birona daga aljihu, na ja 'yar kibiya zuwa gidan da nake nufi, na rattaba hannu, har da kwanan wata. Na fito ina jin na yi aiki mai tsabta.

Da yamma aka zazzage akwati a gaban jama'a. Malamin zaɓe yana ɗaga takardu ɗaya bayan ɗaya, mutane suna ƙirgawa da baki, ni ina sahun gaba kusa da Sabo. Can sai ya ɗaga wata, ya tsaya yana juya ta.

"Wannan ta lalace. An yi rubutu a kai."

Da ma a ce rubutun wani ne. Babu gidan da ba a san sa hannuna ba a unguwar nan, don yana kan sakamakon jarrabawar kowane yaro. Wani tela da na koyar tun yana aji uku ya leƙa ya ce, "Ai wannan hannun Malam ne." (Allah ya shirye shi, a aji bai taɓa ba da amsa da sauri haka ba.)

Dariya ta ɓarke har da 'yan sanda. Na nemi inda zan ɓuya na rasa, farar shaddar ma sai ƙara nuna ni take yi. Aka gama ƙirge, Sabo ya faɗi a akwatin ƙofar gidansa da ƙuri'a ɗaya tak.

Na ji nauyinsa ƙwarai, har na kasa haɗa ido da shi. Shi ya kamo hannuna ya ce, "Malam, na gode da ba ka ba ni sifiri ba." Yana dariya, amma na san abin ya yi masa ciwo.

A gida na tarar labari ya riga ni. Zainab ta kawo mini tuwo, ta durƙusa ta ajiye, ba ta ko murmusa ba. Sai da ta kai bakin ƙofa ta ce a hankali, "Baba, da an bar ni na jefa tawa, da aƙalla an yi kunnen doki."

Lissafinta kuwa daidai ne. Har yau ban yanke hukunci kan shekarun fara zaɓe ba, kuma na daina yi wa kowa lacca a kai. Abin da dai na fahimta shi ne, idan za a sake duba dokar, ya kamata a tambaya ko akwai shekarun da ya dace a ce wa mutum ya huta.