Ta'aziyyar Akwatin Wuta da Ya Bar Marayu Takwas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗaki mai cike da ƙauri har yanzu, maigidan nan da kuka sani da Mai Hoto yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar akwatin wutar kwamfutarsa ta ajiya, wato ƙarfen nan mai fanka da ke raba wa kayan ciki wuta. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a ƙarƙashin teburin ɗakin aiki, gefen kwandon shara, bayan doguwar jinya da kowa ya gani ban da mai shi.

Marigayin ya shigo gidan shekara shida da suka wuce. Maigidan da kansa ya zaɓo shi, kuma ba da ka ya yi zaɓen ba. Kafin ya koma ɗaukar hoto da bidiyo, shekara goma sha tara ya yi yana gyaran rediyo, ya fito daga sana'ar da ilimi guda ɗaya tak: in kaya ya yi nauyi, jan ƙarfe ne ya cika cikinsa. A shago aka jera masa guda biyar. Bai karanta jikin kwali ba, bai tambayi ƙarfinsa wat nawa ne ba. Ya ɗora kowanne a tafin hannu ya jinjina, ya ɗauki wanda ya fi sagar masa da wuyan hannu. Ga shi kuma shi ne mafi araha, abin da maigidan ya ɗauka shaida ce cewa mai shagon bai san kayansa ba.

Za a daɗe ana tuna marigayin da haƙuri. Da faifan ajiya biyu aka haɗa shi ran farko. Duk wanda ya cika da hotuna, sai a sayo wani a soka masa. Da bakunan wayarsa suka ƙare, maigidan ya sayo waya mai reshe biyu ya jona, ya ƙara jona wata a kan reshen, har faya-fayai takwas suka koma shan wuta ta siririyar waya guda. Marigayin bai taɓa kai ƙara ba. Ya ɗumama ƙafafun maigidan kyauta, ya ba gizo-gizo masauki, ya sha ƙura iya shansa, ba a taɓa jin ya nemi a share shi ba, ba a kuma share shin ba.

Ciwon ya fara ne da tari. Duk safiya in aka danna maɓalli, sai a ji shi yana "ƙiii, tak, tak, ƙiii", fitilarsa ta lumshe, sannan ya miƙe da ƙyar. Mijin 'yar maigidan, wanda kula da kwamfutoci ne aikinsa a ofis, ya zo gaisuwa ya ji. Ya sunkuyar da kai kamar yadda suruki ke yi, ya ce, "Baba, faya-fayan nan lokacin tashi suka fi jan wuta, kuma tare suke tashi su takwas. Wannan ba zai kai labari ba. Ko na Inna kaɗai a bari in kwafe."

Na Inna shi ne faifan da ya fi kowanne tsufa. A cikinsa akwai muryar mahaifiyar maigidan, Allah ya jiƙanta, minti huɗu da aka juyo daga wani kaset da tuni rediyo ya tauna. Duk duniya babu ita sai a nan. Tun rasuwarta maigidan bai iya kunnawa ba, amma ya sha gaya wa baƙi cewa albarka ce take sa masa daga farko har ƙarshe.

Amsar da surukin ya samu ita ce, ana riƙe da ƙarfen soda na liƙa wayoyi a gidan nan tun kafin a yaye shi. Aka ci gaba da jinya irin ta gida: mari ɗaya a gefen kwamfuta da safe, biyu in ta ƙi. Da uwargida ta ce tana jin warin roba, aka ce mata maƙwabta ne ke ƙona shara. Ta ce to, sharar maƙwabtan nan ta iya zaɓen ɗaki.

Ranar Talata maigidan ya sayo faifai na tara. Ya jona, ya danna. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "fus", sai hayaƙi shuɗi ya biyo baya. Ya tafi da sabon faifan, jariri ko suna ba a raɗa masa ba.

Ya rasu ya bar faya-fayai takwas, fanka ɗaya da ta daina juyi tun bara ba wanda ya lura, da tulin wayoyin da suka narke suka rungumi juna. Bakwai daga cikin marayun sun farfaɗo da aka gwada su a wata kwamfutar. Na Inna ya yi shiru. Kwana biyu maigidan yana shiga ɗakin yana fita, ana ajiye masa abinci ana ɗaukewa yadda aka kawo shi.

Surukin ne ya yi wa gawar wanka, ya kwance kusoshi huɗu ya buɗe ta a gaban iyali. Jan ƙarfen da ke ciki bai kai na zoben yatsa ba. Sauran nauyin kuwa wani gundumemen baƙin ƙarfe ne da aka liƙa a gindin akwatin da gam, ba ya haɗe da ko waya ɗaya. Shekara shida yana kwance yana hutawa. Maigidan ya ɓamɓaro shi, ya jinjina a hannu, ya ce ko ba komai ƙarfen mai kyau ne. 

Magajin marigayin ya iso ranar Alhamis. Surukin ne ya zaɓo shi da biro da takarda: ya haɗa wutar da kowane faifai ke ja lokacin tashi, ya ƙara rara a kai, ya raba su uku-uku a kan kowace waya, ya kuma saita su riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya kamar masu bin layi. Maigidan ya ɗaga sabon, ya ji shi sakayau, ya haɗiye abin da ya zo masa baki. An canja wa faifan Inna ɗan allon lantarkin bayansa da ya ƙone, an jona. Sau biyu shiru. A na uku ya yi gyaran murya, ya juya.

Maigidan ya ce a kunna. Ya cire hula, ya zauna a ƙasa, ya tara hannu don karɓar albarka. Sai ga muryar Inna tar, kamar tana bakin ƙofa:

"Kai dai tun kana goye ba ka jin magana. Kashe abin nan ka ɗauke min shi daga baki. Kowa ya ce maka ga hanya, sai ka bi ta kan katanga."

Haka ta yi minti huɗu cur. Uwargida ta tusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Surukin ya ƙura wa silin ido kamar an ba shi aikin gyaransa. Maigidan ya share fuska da hular, ya ce a maimaita. Sau uku aka maimaita.

Za a yi jana'izar marigayin ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Za a ɗauki gawar daga ƙarƙashin tebur a cikin kwalin magajinsa, a raka ta wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke ƙarshen layi. Ba a buƙatar kuka, ba za a kafa rumfa ba. Ana dai roƙon kowane ɗan'uwa ya zo da wayarsa da sauran wuri a cikinta, domin ba mai fita daga gidan sai an tura masa muryar Inna ya tafi da ita.

Wanda kuma yake shirin zuwa don ya ce "ai na faɗa maka", ya yi zamansa a gida. Inna ta riga shi.