Kwamfutar Habbanaye

"Lahiya lau, tsohuwar zuma. Ina gajiyar cin goro da dasashi?"

"Gajiya ta bi lahiya, angon da bai san hanyar cefane ba. Yunwa ta koro ka Gwandu?"

Haka Zayyanu, ɗan yayana, ya faɗo mana daga Kalgo, ko babur bai gama jinginewa ba suka fara barkwanci da kakarsa, Inna Kulu. Ni Kubura ina gefe ina tankaɗe, raina a ɓace. Yaron yana shekarar ƙarshe a jami'a, an ce masa in ba kwamfuta ba aikin kammalawa, in ba aikin kuwa sai maimaita shekara. Inna na jin haka ta sa aka ɗaure karsanarta Wule za a kai kasuwa. Ita kaɗai ta rage daga tsatson saniyar da marigayi yayanta Bawa ya ba ta habbanaye, wato aron da za ka riƙe saniya ta haifa maka, ka ajiye 'yan maruƙa, ka mai da uwar. Tun da aka ɗaure dabbar nan Inna ba ta ci tuwon kirki ba, amma ka tambaye ta sai ta ce zafi ne.

"Ga ta can," in ji Inna. "Ja ta ka sayo sabuwa dal mai ƙyalli, kar a ce mijin Kulu na yawo da tsumma."

"Wa zai sayi wagga? Ƙashi da fata, kamar mai ita. Ni tsohuwa nika so, wadda anka gaji da ita."

"Daman na san tsofaffi kaka so, shi ya sa ka liƙe mani."

Sai ya zauna bakin tabarma ya yi mata bayani, yana kai hannu cikin ƙwaryar furarta. Wai ya ga wata ta hannu wurin wani mai gyara a Birnin Kebbi, mai nauyi, an goge haruffanta da yatsu. Zai ƙara mata ƙwaƙwalwa, ya sake batir, ya zuba mata Linux, wata manhaja da ba ta yi wa tsohuwar na'ura nauyi. Duka-duka kuɗin akuya ya isa, don manhajar kyauta ce.

Nan fa Inna ta janye ƙwaryar.

"Kyauta? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kayan sata za ka kwaso mani, a zo a tafi da kai a bar ni da takaba?"

"Ke da takaba ai hutu kin samu."

Ya rantse ba sata ba ce. Mutane ne da yawa, a ƙasashe daban-daban, suka haɗu suka rubuta ta, suka bar ta a buɗe. Mai so ya ɗauka ya ci moriya, in ya iya ya gyara wani abu, ya miƙa wa na gaba.

Inna ta daina taunar goronta. Ta dube shi, ta dubi turke.

"To ka ce habbanaye ne mana, sarkin surutu. Mi ya kai ka zagaye-zagaye?"

"Ban so in wahal da tsohuwar ƙwaƙwalwa ba. Taki ba a ƙara mata."

Ta dafa bango ta miƙe, ta je da kanta ta kwance Wule. Na ga ta share ido da bakin zane, ta ce hayaƙina ne, alhali ko wuta ban hura ba. Wallahi ni ma sai da na ji ƙwalla. Can ta dawo tana jan jar akuyarta, ta damƙa masa igiya.

"Riƙe. Amma kwamfutar ba taka ba ce, aro ce. In ta haifa maka digiri ka riƙe maraƙin, ka miƙa uwar ga ƙanwarka Sumayya."

Zayyanu ya buɗe baki zai rama, sai ya fashe da dariya.

"Na sallama, amarya. Yau kin kada ni."

"Kullum ma." Ta koma kan tabarmarta ta miƙe ƙafa. "Kubura, tuwon nan na jiya yana nan? Ɗumamo mani, malmala biyu."