Yadda Za Ka Ɗaure Maƙwabcinka Saboda Bishiyar Mangwaro

Ni mai aski ne, amma talabijin ɗin shagona ba ya hutawa, kuma duk fim ɗin barkwancin da aka shiga kotu a cikinsa na haddace shi. Da wannan ilimin na tsaya wa surukina lokacin da saiwar mangwaron maƙwabcinsa, wani mai walda, ta tsaga masa katanga. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sai unguwa ta san da zamanka.

1. Kada ka je wurin lauya

Ɓata maka rai kawai zai yi. Zai ce wai shari'a iri biyu ce: ta laifi, wadda hukuma ke gurfanar da mutum har a ɗaure shi, da ta neman haƙƙi, wadda iyakarta a gyara maka abin da aka ɓata. A wane fim ka taɓa ganin haka? A fim, ko kazar mutum ce ta shiga gidanka, ankwa ce.

2. Yanke hukunci tun kafin a zauna

Na ce wa surukina, “Baba, wannan ai shekara bakwai ne, da aiki mai tsanani.” Ya ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗan nan.” Kafin la'asar magana ta tsallaka katanga. Matar mai walda ta shigo tana kuka, surukata ta taya ta, don tun suna amare suke aron turmi.

3. Yi atisaye

Ka tsayar da mai ƙara a gaban madubi, ya nuna yatsa, ya daka tsawa: “Ban yarda ba, ya mai shari'a!” Ba sai ya san abin da bai yarda da shi ba. Shari'a murya ce.

4. Zauna kusa da ƙofa

Ranar zama, mai walda ya shigo da bargo da bokiti da buta, idonsa jawur, ya riga ya yi sallama da iyalinsa. Shi ma a shagona yake aski.

Alƙali ya ce, “Malam, kayan nan fa?”

“Na gidan yari ne, ranka ya daɗe.”

“Wa ya ce za a ɗaure ka?”

Tsofaffin biyu, shi da surukina, suka juyo suka kalle ni. Ka gane amfanin ƙofa.

5. Kada ka karɓi nasara cikin sauƙi

Alƙali ya ce a sare saiwar, mai walda ya gyara katanga, shi ke nan. Surukina ya miƙe: “Ban yarda ba, ya mai shari'a!”

Alƙali ya ce, “Baba, kai ka yi nasara fa.”

“To ina ankwar? Ban yarda ba!”

Alƙali ya cire tabarau ya ce in ya ƙara, mutum ɗaya ne zai kwana a tsare yau, saboda raina kotu, kuma ba mai bokiti ba ne. Mai walda ne ya riƙe masa riga yana cewa, “Yaya, don Allah zauna.” A tasi ɗaya suka koma gida. Yanzu duk su biyun a wani shagon suke aski, matata kuma gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka, babu ruwana, ni aski na koya. In kuma ka ce za ka kai ni ƙara, bismillah. Na bincika, ba a ɗaure mutum a irin wannan.