Rasuwar Shuɗiya, Wayar Mai Shimfiɗa Tayil

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta gama yarda ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar wayata, wadda duk wanda ya taɓa aiki da ni ya sani da sunan Shuɗiya. Ta cika ne wata Lahadi da yamma, a gabana, a hawa na biyu na ginin da nake shimfiɗa wa tayil, bayan doguwar jinya. Ta rasu tana da shekara uku da 'yan watanni, waɗanda suka san irinta kuma sun tabbatar min cewa wannan tsufa ne tukuf.

Marigayiyar ba 'yar babban gida ba ce. A kantar ƙasa na same ta a shago, inda ake jera wayoyin da mai shago ba ya damuwa da kulle gilashinsu. Bayanta roba ne da aka yi wa fenti don ya yi kama da gilashi, shuɗi a inuwa, idan rana ta haske shi ya ɗan koma ruwan hoda. Tana da idanun kyamara uku a baya, jere ras kamar na wayoyin masu hali. Sai a kwanakinta na ƙarshe na samu labarin cewa ɗaya ne kawai yake gani, biyun ado ne. Ban riƙe ta da wannan ba. Kowa yana da abin da yake rufe talaucinsa da shi.

Ranar da na je sayenta, mai shago ya ƙure mata sauti yana cewa, "Malam, saurari sifika. Har maƙwabta sai sun ji."

Na ce masa, "Bar sifikar nan. Kunna min sikirin in gani."

Ya dube ni kamar ban san abin da nake so ba. Ni kuwa na sani. Ina da 'ya guda ɗaya, muna kiranta Balbela saboda dogon wuyanta da yadda take ɗaga ƙafa idan tana tafiya. Zazzaɓi ya tafi da jinta tun kafin ta iya haɗa kalma biyu. Tana zaune da mamanta a garinmu, tana zuwa makarantar kurame, ni kuma ina bin aiki duk inda aka kafa gini. Sauran ma'aikata sukan kira gida su ji muryar 'ya'yansu. Ni sai na ga tawa kafin mu yi magana, domin da hannu muke yinta.

Saboda haka duk wanda zai yabi marigayiyar, ya fara da fuskarta. Sikirinta ya fi tafin hannuna tsawo, faɗinsa kuma yana ɗaukar yarinya tun daga kai har ƙugu idan ta ɗan ja baya. Ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba, hasken bai taka kara ya karya ba. A cikin rana ba ka ganin komai sai fuskarka da zufarka, dole ka nemi inuwa. Launukanta a koɗe suke, jar rigar Balbela takan fito kamar an wanke ta sau ɗari. Idan hannu ya yi sauri, yatsun sai su narke su haɗe kamar ana kallonsu ta cikin ruwa. Da Balbela ta gane haka, sai ta riƙa yi min magana a hankali, alama ɗaya bayan ɗaya, tana jira in gyaɗa kai. Rashin kyan sikirin da rashin saurin kaina suka zo daidai, har na kasa gane wanne daga cikinmu take yi wa haƙuri.

Duk Lahadi da yamma nakan wanke hannuwana da kyau, in jingine Shuɗiya a jikin kwalin tayil, in zauna a kan bokiti. Dole a jingine ta, domin mai magana da hannu ba ya riƙe waya. Can gida kuma maman Balbela takan jingine tata, wata tsohuwar waya da ƙanwarta ta bar mata, a jikin keken ɗinki. Da farko abokan aiki dariya suke yi min, kafinta yana cewa na zama mai ba motoci hannu. Daga baya mai fenti ya koyi yadda ake gaishe ta, yakan leƙo ta bayana ya ɗaga hannu da fenti har gwiwar hannu.

Marigayiyar tana da haƙuri da yunwa. Idan batirinta ya cika, takan yi kwana biyu ba ta nemi caji ba, abin da wayar injiniyan ginin ba ta taɓa yi ba. Tana da wurin sa yatsa a baya don buɗewa, amma siminti ya cinye zanen yatsuna, don haka har ta rasu ba ta taɓa gane ni ba. Kullum sai na danna lamba kamar baƙo. Cikinta ƙarami ne, kuma ba ta ɓoye wannan ba, tana yawan sanar da ni cewa ma'aji ya cika. Na goge waƙoƙi, na goge hotunan ayyukan da nake nuna wa masu ba da kwangila, don in bar wuri ga gajerun bidiyoyin da malamar Balbela take turo min na sabbin alamun da aka koya musu. Lokacin hutun rana, wasu suna barci a kan kwalaye, ni ina gefe ina koyon yadda ake cewa ruwa, da gobe, da kifi, da na yi kewarki.

Za a daɗe ana tuna muryoyinta. Akwai kiɗan da ta zo da shi daga kamfani, wanda ban taɓa canzawa ba. Akwai ɗan kukan nan, tit-tit, idan batir ya kusa ƙarewa, kamar mai jin kunyar roƙo. Idan na ajiye ta a kan sabon tayil aka kira, takan yi gurnani tana tafiya da kanta kamar ƙwaro. Akwai kuma dariyar Balbela, wadda ita mai dariyar ba ta taɓa ji ba. Sifikar da mai shago ya yaba takan fito da ita a tsattsage, amma takan fito da ita.

Ciwon ajali ya fara ne da faɗuwa. Na sunkuya ina duba layin tayil, ta zame daga aljihun gaba ta faɗi a kan tayil ɗin da ni da kaina na shimfiɗa. Tayil bai yi komai ba, ita ta tsage a kusurwa. Ta ci gaba da aiki da tabonta ba ta koka ba. Bayan wani lokaci bakin cajinta ya saki, sai an lanƙwasa igiyar an danne da guntun tayil kafin ta karɓi wuta. Daga nan wani baƙin tabo ya fito a ƙasan sikirin kamar an ɗiga tawada. Ya fara kamar ƙwayar wake, ya yi ta hawa a hankali.

Tabon ya ci ƙugun Balbela, ya ci cikinta, ya kai ƙirji. A ƙirji kuwa ake yin rabin maganar hannu. Na roƙi mamanta ta ɗaga wayar, ta sauke, ta matsar da yarinyar baya. Idan ta matsa baya yatsun su ƙanƙance su ɓace, idan ta matso tabon ya haɗiye su. A ƙarshe Balbela ta koma ɗaga hannuwanta sama kusa da fuska, amma alama idan ta bar wurinta takan canza ma'ana. Na riƙa gyaɗa kai ga abin da ban gane ba, ita kuma ba a yi mata wannan, tana gani a idona.

A ranar ƙarshe Balbela ta zo da wani labari daga makaranta, tana ta zumuɗi. Ta yi wata alama da ban sani ba. Na ce ta sake, ta sake. Ta ja numfashi irin na manya, ta ɗaga hannu za ta yi min a hankali, sai wani koren layi ya ratsa fuskarta daga sama har ƙasa. Sikirin ya yi fari, ya yi baƙi. Shuɗiya ta yi gurnani sau ɗaya a jikin kwalin, ta yi shiru.

Washegari na kai ta wurin mai gyara, wani dattijo da yake da tebur a ƙarƙashin matakalar wani kanti. Ya buɗe bayanta, ya sa ƙaramin madubi a ido, ya daɗe yana dubawa, har da sunsunawa.

Ya ce, "Malam, da sikirin ne kaɗai da na nemo maka na wata. Injin ne ya ƙone."

Na ce, "Ba dabara?"

Ya ce, "Irin waɗannan ba a yi su don a gyara ba. An yi su ne su yi iya kwanansu."

Na tambaye shi bidiyoyin da ke cikinta. Ya girgiza kai, ya mayar da ƙananan kusoshin wurinsu ɗaya bayan ɗaya duk da babu amfani, ya miƙo min ita da hannu biyu. Na gode masa da wannan.

Rasuwar ta zo a lokacin da mai ginin ya dakatar da aiki. An ce mu jira, muna jira. Injiniya ya daina zuwa, leburori sun watse, mu da muke da kayan aiki a ciki muna kwana a ɗakin ƙasa muna gadin abinmu. Wanda yake cikin wannan hali ba ya zuwa shagon waya ko don kallo. Kafinta ya ba ni wata ƙaramar waya mai madannai da yake ajiye da ita a akwatin kayan aiki. Tana kira, tana da tocila, sikirinta bai fi akwatin ashana ba.

Da ita na kira gida. Maman Balbela ta ce, "Ga ta nan kusa da ni. Ta ɗora hannu a kan wayar, tana jin motsin muryarka."

Na ce, "Me take son gaya min ran nan?"

Ta ce, "Baban Balbela, ni ma ban sani ba. Kullum da sabbin alamu take dawowa. Ni na gida na iya, ci da wanka da kwanciya. Kai ne kake binta."

Na ce ta roƙi malamar ta koya mata. Na ji ƙarar keken ɗinki ta tsaya, sannan ta ce ɗinkin nan ne yake riƙe da gidan yanzu, da wane lokacin za ta je. Gaskiya ta faɗa.

Bayan 'yan makonni mai fenti ya ara min tasa. Wayarsa ta fi marigayiyar nesa ba kusa ba. A karo na farko na ga yatsun 'yata ɗaya-ɗaya, tas, har da farcen da take ci. Ta yi tsalle da ta gan ni, sannan ta fara magana da saurin da take yi da ƙawayenta, hannuwa suna tashi kamar tsuntsaye. Na tsinci makaranta, na tsinci gobe. Sauran duk sun wuce ni. Na ce ta sassauta, ta sassauta, amma alamun sabbi ne, ko ta yi su a hankali ban san su ba. Ta tsaya tana kallona. Ta yi alamar Baba, wadda ita ce ta farko da muka koya tare, ta ɗaga min hannu, ta sauka daga kujera. Na zauna ina kallon keken ɗinki da bango har mamanta ta zo ta kashe. A makon da ya biyo baya mai fenti ya samu aiki a wani gari, ya tafi da wayarsa.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja guda mai lanƙwasasshen wuya, da rigar roba da ta koma ruwan ɗorawa, da abin sawa a kunne wanda ɓangare ɗaya ne yake magana, da layi guda da yanzu yake zaman maraici a wayar kafinta. Ta bar ni, da 'yan alamun da suka rage a hannuna. Ina maimaita su da safe kafin in wanke fuska, amma na lura wasu sun fara zamewa, kuma ba ni da wanda zai ce min na yi kuskure.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da hantsi. Za a sa ta a kwalinta na asali, wanda na adana tun ranar da na saye ta, a ɗauke ta daga ɗakin ƙasa zuwa teburin mai gyara. Ya nemi a bar masa sifikarta da kusoshinta ko za su yi wa wata amfani, iyalai kuma sun amince. Abin da ya rage za a miƙa wa mai sayen tsofaffin ƙarafa. Kafinta ne zai riƙe kwalin, ni zan bi a baya.

Ana karɓar ta'aziyya a hawa na biyu, inda aikin ya tsaya. Babu kujeru, amma akwai kwalayen tayil, mai zuwa kuma ya kula da matakala domin ba a sa mata ƙarfen riƙewa ba. Iyalan da ke nesa ba za su samu halarta ba. Maman Balbela tana da ɗinkin da za ta miƙa. Balbela kuwa, an ce ta daina zama kusa da waya, ta samu ƙawaye biyu 'yan makarantarsu a bayan layinsu, can take wuni suna ta hira har a je a kamo ta. Mamanta ta ce abin farin ciki ne, in yi murna. Ina ƙoƙari.

Allah ya ba mu haƙurin rashi.