Mahaucin da Ya Kasa Gane Nama

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kasa gane nama a gaban surukina, ni da na gaji fawa, nake yanka a kasuwar Maigatari tun ban yi gemu ba.

Matata Hajara aiki aka yi mata aka ciro 'yarmu ta uku. Bayan yaye sai ciwon ciki ya sa ta gaba. Wata rana cikin ya kumbura, ga amai, ba ta iya zagayawa. Likita a Gumel ta ce hanji ne ya manne ya toshe, sai an sake aiki da gaggawa. Ni kuwa na riga na yanke hukunci: zare suka manta a cikinta wancan karon. (Na faɗa a majalisa, na faɗa a rumfa, har mai shayi ya gaji da ji.) Na ƙi sa hannu, Hajara tana murƙususu, sai da mahaifinta Malam Isa ya taso daga Gagarawa ya ce, "Ka sa hannu ko in sa." Na sa, bisa sharaɗin a nuna mini abin da aka tarar.

Da aka gama, likitar ta nuna mana hoto a wayarta. Wasu abubuwa farare sun ɗaure hanjin kamar igiya. Na gyara tsayuwa.

"Baba, ka gani ko? Ni mahauci ne. Wannan ba nama ba ne, zare ne."

Likitar ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Malam, naman jikinta ne. Fata in an yanka tana yin tabo, ciki ma haka. Tabon ne ya kama hanji, har da ƙananan jijiyoyin jini da kitse a cikinsa. Ba ka taɓa feɗe akuyar da ta taɓa jin rauni ba, ka tarar hanjinta ya liƙe?"

Na taɓa, sau ba adadi. Da wuƙata nake rabawa ina tsaki.

Malam Isa, wanda bai taɓa yi mini wasa ba, ya ce a hankali, "Ashe shekarun nan zare kake sayar mana."

Hajara ta warke, alhamdulillahi. Da na roƙi gafararta, sai da ta dafe ɗinkin don dariya, labarin ya riga ni isa gadonta. Likita ta ce abin yana iya dawowa, kada mu yi jinkiri. Yanzu ko ƙugi cikinta ya yi, ni ne farkon neman motar Gumel. Can kuma bakina a rufe, tunda ko cikin akuyar ma ban gama sani ba.