Radivoje da Iskar Taga

"Ni Radivoje, in na taɓa kwamfuta, ko ta mutu sai ta tashi ta yi tsere da jirgin sama!"

Haka maƙwabcina yake cika baki a layinmu na garin Niš, alhali ko fitilar gidansa matarsa Milunka ce ke canza mata ƙwai.

Surukarsa Stamena tana da wata tsohuwar kwamfuta mai tafiyar hawainiya, amma da ita take ganin jikarta da ke Jamus. Jikar ta haihu, an ce ranar Lahadi za a nuna wa tsohuwa jariri.

"Ɗan nan, ƙyale min abata," in ji Stamena.

"Haba Inna! A wannan akwala za ki ga tattaɓa-kunnenki? Zan sa mata sabuwar ƙwaƙwalwa, har gashin girarsa ki ƙirga."

Gogan naka ya je kasuwar 'yan gwangwan ya sayo furosesa kwance, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya goge ta da barasarmu da muke kira rakiya, ya danna a ciki. Bai tsaya nan ba, ya shiga saiti ya ƙure mata gudu. Kwamfuta ta ɗau zafi kamar murhun gasa tattasai.

"Iska take so," in ji injiniyan bogi. Ya cire murfi, ya kafa mata fanka, ya wangale taga da ƙofa.

Milunka ta dafe ƙirji. "Promaja! Kashe mu za ka yi?"

To, kai mai karatu, mu nan mun fi tsoron promaja, iskar da ke ratsa ɗaki daga taga zuwa ƙofa, a kan kerkeci. Ita ke kawo sanƙarewar wuya, ciwon haƙori, har da mutuwar aure.

"Camfin tsofaffi!" in ji Radivoje.

Ranar Lahadi, ana jiran kira, sai ya ji wuyansa ya ɗan riƙe. Nan take ido ya raina fata. Ya rufe taga, ya rufe ƙofa, ya kashe fanka, ya naɗe wuya da mayafin matarsa. Don tausayi, ya lulluɓe kwamfutar da bargo, kada ita ma ta kamu.

Kira ya shigo. Stamena ta gyara tabarau. Ƙafar jariri ta bayyana, 'yar mitsitsiya, ja. Sai ƙauri. Sai hayaƙi. Allo ya yi baƙi ƙirin.

Wallahi tsohuwar ta ba ni tausayi. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta juyo.

"Shekara da shekaru tana rarrafe tana kai ni Jamus. Kai ka zo ka koya mata gudu, ƙafa ɗaya na gani."

"Inna, ai matsalar..."

"Milunka, buɗe taga. Buɗe ƙofa." Tsohuwar ta jawo kujera ta dasa a tsakiya, ta zare mayafin daga wuyansa. "Zauna nan, injiniya. Kai ma iska kake so."